Yadda Ake Ƙetarar da Ɗalibai Ruwa Lafiya

Duk wanda ya san Bagwai ta Jihar Kano ya san Dam ɗin Watari. An gina shi tsakanin 1977 da 1980, kuma tun daga lokacin ake cin moriyarsa ta noman rani da su da shayar da dabbobi. Sai dai ruwan da ya kawo arziki shi ne kuma ya shiga tsakanin wasu ƙauyuka da garin Bagwai, har ya zama mutumin ƙauyen Badau in zai fito kasuwa ko asibiti, ƙetarowa a jirgi ta fi masa sauƙi a kan zagaye a mota.

Ranar Talata 30 ga Nuwamban 2021 da yamma, wani jirgi ya taso daga Badau ɗauke da mutum sama da 40, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da za su Maulidi a Tofa. Bai kai gaci ba ya kife. An tsamo gawarwaki aƙalla 29, akasari yara 'yan shekara 8 zuwa 15. Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano ta ce lodi ne ya yi yawa, domin jirgin na manya 12 ne. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. A farkon Oktoban 2024 irin haka ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Mokwa ta Jihar Neja, inda jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300 masu tafiyar Maulidi ya kife da dare.

Ajali gaskiya ne, babu Musulmin da ke musun wannan. Amma yaron da uwarsa ta yi wa wanka, ta sa masa sabon ɗinki, ta miƙa wa malam, amana ce a wuyan malamin har ya dawo da shi. Kuma tsaron wannan amana a kan tudu ake yin sa, kwanaki kafin a taka bakin ruwa. Ga matakan da makaranta za ta bi idan Maulidi ko musabaƙa ko walimar sauka ta kama a ƙetara da yara.

Mataki na 1: A fara tambayar ko dole ne a bi ta ruwa

Mako biyu kafin tafiya, shugaban makaranta ya zauna da malamai da wakilan iyaye, maza da mata. A ƙiyasta kuɗin mota ta zagaye, a ƙiyasta na jirgi sawu-sawu. Idan bambancin abin da karo-karo zai iya cikewa ne, a bi ta mota, ko da za a fita tun da asuba. Idan kuɗin ba zai kai kowa ba, a rage yawan masu tafiya: a tura manyan ɗalibai su wakilci makaranta, ƙanana kuma a shirya musu nasu taron a gida, da ƙasidu da abinci, don kada su ji an ware su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 2: A naɗa jagora ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe

A bakin ruwa kowa malami ne. Mai jirgi na son ya cika sawunsa, yara na ɗokin tafiya, wani dattijo na cewa lokaci na ƙurewa. Saboda haka tun a zaman farko a zaɓi mutum guda, wanda ba ya jin nauyin cewa a'a, a bayyana a gaban kowa cewa idan ya ce jirgi ba zai tashi ba, to ba zai tashi ba. A je da shi wurin mai unguwa ko dagaci a sanar da ranar tafiya da yawan yara, domin hukuncinsa ya sami goyon bayan manya. Kowane yara 5 a ba su babba ɗaya mai kula da su, kuma 'yan mata su tafi da malama ko wata uwa daga cikin iyaye.

Mataki na 3: A rubuta sunaye, a nemi yardar iyaye

A ɗauki littafi a rubuta sunan kowane yaro, shekarunsa, sunan mahaifinsa da lambar waya. A gaya wa iyaye ƙarara cewa ta ruwa za a bi, da lokacin fita da na dawowa; wanda bai yarda ba, kada a ga laifinsa. A yi alama a gaban sunan mai farfaɗiya ko asma ko sikila, domin a zaunar da shi kusa da babba. Takardar sunayen a yi ta kwafi 3: ɗaya a hannun jagora cikin leda, ɗaya a makaranta, ɗaya a wurin wanda zai tsaya a bakin ruwa. Kuma a tsayar da doka: wanda babu sunansa ba ya shiga. Ƙanne da ke biyo yayyensu da masu cewa a rage musu hanya su ne ke mayar da 15 ta zama 30 ba tare da kowa ya lura ba.

Mataki na 4: A duba jirgi da matuƙi tun ana gobe

Jagora ya nemi Sarkin Ruwa ko wani tsohon masunci su je tare, da rana tsaka. A shiga cikin jirgin a duba ƙasansa. Idan akwai ruwa kwance, a kwashe tas, a jira rabin sa'a a ga ko zai sake taruwa. A danna katako da babban yatsa, musamman wajen haɗi; wanda ya ruɓe zai lotsa. Tsagar da aka cusa wa tsumma ko leda alama ce ta a nemi wani jirgin. Idan mai inji ne, a tayar da injin a ji, a tabbatar da mai ya isa zuwa da dawowa, sannan a ga filafili aƙalla 2 da abin kwasar ruwa.

Matuƙi ya zama babba wanda ya san ruwan, ya san inda kututture da ciyayi suke. A yi ciniki da shi a kan sawu, ba a kan kai ba. Wanda ake biya a kan kai, kowane ƙarin yaro riba ce a gare shi. Wanda ake biya a kan sawu, babu abin da zai ƙaru da shi idan ya cusa.

Mataki na 5: A yanke adadi a kan tudu

Nan ne zuciyar aikin. Kalmar da ta fi kowace halaka yara a ruwa ita ce, "Ai yara ne, ba su da nauyi." Mu yi lissafi. Idan babba ɗaya kilo 60 ne, manya 12 sun kama kilo 720. Yara 40 masu kilo 30 kowanne sun kama kilo 1,200, ban da malamai da tukwanen abinci da lasifika. Sannan yara ba sa zama wuri ɗaya. Ɗaya ya nuna wani abu a ruwa, goma su karkata gefe guda, bakin jirgi ya sha ruwa.

Don haka dokar mai sauƙi ce: yaro ɗaya a lissafa shi kamar babba ɗaya. Jirgin mutum 12, mutum 12 zai ɗauka, har da matuƙi da masu kula. A raba sunaye rukuni-rukuni tun a makaranta, kowa ya san sawunsa. A roƙi Sarkin Ruwa ya ja layi da fenti a jikin jirgin, iyakar inda ruwa zai kai idan an yi lodi daidai. Layi ya nutse, a rage. Kaya masu nauyi da babura su bi nasu sawun.

Idan mai jirgi ya ce, "Malam, a ƙaro biyar mana, dare na yi," amsar ita ce, "Ka yi haƙuri, sawu huɗu muka yi da kai, kuma kuɗinka na nan cif. In dare ya yi mana, a nan za mu kwana."

Mataki na 6: Rigar ruwa ga kowa

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sa rigar kariya ga duk mai shiga jirgi. Makarantun da ke gefen dam su haɗa kuɗi su sayi nasu, gwargwadon cikin jirgi ɗaya, a riƙa dawo da su bayan kowane sawu. A nemi taimakon ƙaramar hukuma da 'yan asalin garin da ke Kano.

Sa rigar ma da ƙa'ida. A sa ta a kan hijabi ko babbar riga, a tattare hijabin a ciki don kada ya naɗe ƙafa ko hannu. A ɗaure duk maɗaurai, a ja su su kama jiki. Sai babba ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama: idan ta haura har kunnuwan yaro, ta yi masa yawa, kuma a ruwa zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Rigar manya ba ta yi wa ɗan shekara 8.

Ban da riguna, a saka jarkoki 4 marasa komai, na lita 20 ko 25, a rufe murfinsu gam, a ɗaura wa kowace igiya. Aikin da goran masunta ke yi shi jarka ke yi. Taimako ce ga ceto, ba madadin riga ba.

Mataki na 7: A kiyaye lokaci da yanayi

NIWA ta hana tafiyar dare a ruwa. A ƙasar Kano, a watannin Nuwamba da Disamba, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, don haka sawun ƙarshe ya sauka kafin ƙarfe 5. A lissafa daga baya: sawu nawa ne, kowanne minti nawa zuwa da dawowa, sai a san lokacin farawa. Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas ko iska ta fara kaɗawa, a dakata. Da hunturu, in hazo ya rufe ƙetare, a jira ya washe. A shirya da masu masauki tun farko cewa idan taro ya kai dare, yara za su kwana, a komo da safe.

Mataki na 8: Shiga, zama da sauka

A kira suna ɗaya bayan ɗaya. Babba ya fara shiga ya karɓi yara. A zaunar da su ƙasa-ƙasa, a daidaita nauyi dama da hagu. A yi addu'a, sannan a maimaita musu doka: babu tsayuwa, babu sauya wuri, babu leƙe, babu sa hannu a ruwa. Ƙasida a zaune ake yin ta. Mandiri da rausaya sai an sauka. A bar mutum 2 masu iya iyo da wani jirgi a shirye a gaɓa har sawun ƙarshe ya sauka. A ƙetare a sake kiran suna kafin kowa ya matsa.

Mataki na 9: Idan wani ya faɗa ruwa

Mai nutsewa ba ya iya ihu, kuma yaro na iya ɓacewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Sauran yara su zauna daram. A miƙa masa filafili ko a jefa jarka mai igiya. Wanda bai ƙware ba kada ya yi tsalle, domin mai nutsewa riƙe mai cetonsa yake yi su tafi tare. Idan jirgi ya kife kuma yana yawo a sama, a riƙe shi, kada a nufi gaɓa da iyo. Na kan tudu su kira 112 da hukumar kashe gobara, su tayar da masunta nan take.

Idan an fito da yaro, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. Kada a juya shi kai ƙasa, kada a danna cikinsa wai don ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma amai na iya shiga huhunsa. A ɗaga haɓarsa a duba numfashi. In babu, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki sau 5. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba a haka har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko ya tashi yana magana a kai shi asibiti, domin matsalar huhu kan bayyana bayan sa'o'i. Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan; a gayyato ma'aikacin lafiya ko 'yan agaji su gwada wa malamai a aikace kowane zango.

Mataki na 10: Bayan an dawo

Kowane yaro a miƙa shi hannun gidansu, a soke sunansa a takarda. A shanya riguna a inuwa, a ƙirga su, a adana inda ɓera ba zai kai ba. Cikin makon a zauna a rubuta abin da ya tafi daidai da wanda ya kusa ɓaci, domin jagoran baɗi ya gada. Yaron da ya shiga ruwan dam kuma daga baya aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti a duba tsargiya. Tana da magani.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. Makarantun Bagwai su riƙe wannan rana, su tara ɗalibai da iyaye da masu jirage, a gwada sa riga da jefa jarka a filin makaranta. Iyaye kuma ku sani kuna da haƙƙin tambaya. Kafin ku saki hannun ɗanku, ku ce, "Allah gafarta Malam, wa ke jagora, mutum nawa ne a sawu, akwai riga, kuma yaushe za a dawo?" Malamin da ya shirya zai amsa da farin ciki. Idan babu amsa, yaro ya zauna a gida.