Haɗa Ma'aunin Zafi da Laima Mai Aiki da Batir Domin Gida da Rumbu: Darasi Daga Tarai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda za a haɗa ƙaramar na'ura mai auna zafi da laimar iska a gidan manomi, tare da duba sunan da ya dace a raɗa mata da Hausa. An ɗauki Tarai, ta ƙaramar hukumar Kibiya a ƙasar Rano, a matsayin misali.

1.0 Gabatarwa

Manomin kudancin Kano yakan girbe masara da dawa da gyaɗa da kaka, ya adana su har damina ta zagayo. Lokacin hunturu iska busasshiya ce, amma a watan Agusta laima kan cika ɗakin ajiya. Idan laimar iska ta zarce kashi 70 cikin ɗari na tsawon kwanaki, fumfuna kan kama hatsi, wani nau'inta kuma yana haifar da gubar afalatokzin a gyaɗa da masara, wadda ke lahanta hanta. Fatar mutum ba ta iya bambance kashi 60 da kashi 75, don haka ake buƙatar awo. Kasancewar wutar lantarki ba ta da tabbas a karkara, dole na'urar ta dogara da batir.

2.0 Kayan Haɗi

Ana buƙatar abubuwa huɗu. Na farko, allon ESP32 na kamfanin Espressif, wanda ya fito a 2016, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, yana kuma iya aika saƙo zuwa wayar hannu ta Bluetooth. Na biyu, ma'auni samfurin DHT22, mai auna zafi daga digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa 80, da laima daga sifiri zuwa ɗari. Na uku, batirin lithiyam samfurin 18650 mai bolt 3.7, irin wanda ake samu cikin tocila mai caji. Na huɗu, allon caji TP4056 mai kariya, haɗe da ƙaramin faranti mai zuƙar hasken rana.

3.0 Haɗawa da Tattalin Batir

Ma'aunin yana da wayoyi uku masu aiki: ta wuta, da ta ƙasa, da ta saƙo, kowace a jona ta inda ya dace a jikin allon. Tsakanin batir da allo a sa mai daidaita wuta zuwa bolt 3.3, domin cikakken batir yana kaiwa 4.2.

Sirrin daɗewar batir shi ne barci. A umarci allon ya farka kowane minti 30, ya yi awo na daƙiƙa 5, ya koma barci. Farkawa 48 ke nan a yini, wato daƙiƙa 240. Idan yana jan mA 100 a farke, ya ci kusan mAh 7. A ƙara kamar 1 na lokacin barci. Batir mai mAh 2,500 zai kai kwana 300 a lissafi, ko da yake allunan kasuwa masu fitila a jiki sukan ci fiye da haka. A ajiye batirin a inuwa, domin cajin lithiyam sama da digiri 45 haɗari ne, ga zafin watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano.

4.0 Gwaji da Gishiri

Kafin a amince da awo, a jiƙa gishirin miya ba tare da ya narke duka ba, a rufe shi cikin kwalba tare da ma'aunin, a bar su kwana guda. Iskar ciki za ta tsaya kusan kashi 75. Bambancin da aka gani shi ne kuskuren da za a riƙa gyarawa. Daga nan ana iya sa na'urar ta kunna jar fitila ko ƙaramar fanka idan laima ta haura iyaka.

5.0 Batun Suna

Hausa na ƙera sunan kayan aiki da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar mabuɗi da madubi da ma'auni. Maƙalar ta zaɓi ma'aunin laima maimakon mashinshini, saboda aikin na'urar shi ne bayar da adadi, kuma manomi ya riga ya san ma'auni a kasuwar hatsi. An fifita laima a kan danshi.

6.0 Kammalawa

Na'urar ba ta busar da hatsi. Sanarwa take yi tun kafin fumfuna ta bayyana, a fito da buhuna a shanya. Aikin da ya rage ga masana harshe shi ne su kai waɗannan kalmomi gaban manoman Tarai da masu gyaran waya na Rano, su ji waɗanda bakinsu ya karɓa.