Idan Tsohuwar Mustang Ta Fara Tafasa

Ford Mustang ko Chevrolet Camaro ƙirar shekarun 1960 da aka ƙara wa injinta na V8 ƙarfi, zafin da take fitarwa kan fi ƙarfin lagiretonta na asali. Kafin ka kashe kuɗi, lura da lokacin da allurar zafi ke hawa.

In a cunkoso ne ko mota na tsaye, iska ce ta yi kaɗan. Duba fanka da bel ɗinta, da kuma rumfar da ke kewaye da fankar, wadda masu gyara kan cire su manta, alhali ita ke sa iska ta ratsa lagireto. In kuwa sai ka take ta a babban titi, ruwa ne ba ya zagayawa: ko lagireto ya toshe da tsatsa, ko tiyon ƙasa na tsukewa. Taimin da ya makara ko kafireto mai ƙarancin fetur su ma suna dafa inji.

Kada bakanike ya ruɗe ka ka cire tamostat. Sa mai buɗewa a digiri 82 na ma'aunin Celsius. Kumfa a ruwa da farin hayaki alamar lalacewar gasket ne. Murfin lagireto kuwa, bar shi sai inji ya huce.