Yadda Ake Sama wa Sabulun Gida Lambar NAFDAC a Birnin Kano

A lungunan Yakasai, Jakara da Ƙofar Mata akwai matan da suka ƙware wajen haɗa sabulu da alayyadi, man kaɗe ko kitsen shanu. Amma sabulun da ba shi da lamba iyakarsa unguwa da Kasuwar Kurmi, domin manyan kantuna ba sa karɓarsa. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da lambar.

Da farko a yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, a kuma yi rajistar sunan sabulun a ma'aikatar ciniki ta tarayya don kada wani ya ɗauke shi. Sannan a cike takardar nema ta intanet a manhajar NAPAMS ta NAFDAC, a biya kuɗi ta banki, a adana rasit.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da jami'an NAFDAC za su zo duba wuri. Gidajen cikin birni a matse suke, kuma jami'ai ba za su amince da sabulun da ake dafawa a madafin gida, kusa da tukunyar tuwo ba. Suna son ɗaki na daban, mai siminti da iska, da ma'ajiyar mai da soda daban da ta sabulun da ya bushe. Za su yi tambaya a kan ruwa: na rijiya ne ko na 'yan garuwa, an tace shi? Za su nemi takardar lafiyar ma'aikata da ta feshin ƙwari, su ga safar hannu da tabarau. Ni dai ina bayansu a kan wannan, don soda tana cin fata, tana makantarwa, ga yara suna kai-komo a tsakar gida.

Daga nan sai a miƙa samfur a gwada a ɗakin bincike. Idan soda ta yi yawa, ko aka samu sinadarin makuri na bilicin, an faɗi. Takardar jikin sabulu kuwa dole ta nuna suna, adireshi, kayan haɗi, nauyi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa. Lambar tana da wa'adi, ana sabunta ta.

'Yan uwa mata, wadda ba ta da ɗaki kada ta karaya. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku yi ƙungiya, ku kama wuri guda, ku nemi lambar da suna ɗaya.