Tsoron Gadon Cutar Ƙwaƙwalwa da Shawarar Yin Gwaji: Misalin Cutar Huntington

Gabatarwa

Galibin ɗalibai sun san gwajin jinin da akan yi kafin aure domin guje wa haihuwar mai amosanin jini, wato sikila. Wannan gwaji yana nuna wa mutum abin da 'ya'yansa za su iya gada. A wannan darasi za a dubi wani gwajin na daban, wanda yake shaida wa mutum mai ƙoshin lafiya ko shi kansa zai kamu da cutar da ta kwantar da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. An ɗauki cutar Huntington a matsayin misali, domin a kanta ne aka fi yin muhawara kan ko sani ya fi rashin sani alheri. Ana sa ran ɗalibi zai iya bayanin yadda ake gadon cutar, da dalilan masu yin gwajin da na masu ƙin yi.

Cutar da Yadda Ake Gadonta

Sunan cutar ya samo asali daga wani likita Ba'amurke, George Huntington, wanda ya yi bayaninta a 1872. Cuta ce da take lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Alamunta sukan bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50. Gaɓoɓi sukan riƙa fizga ba da son mai su ba, tafiya ta koma kamar ta mai maye, hali ya canza, tunani ya yi rauni, daga baya magana da haɗiyar abinci su gagara. Yawanci majinyaci yakan rayu shekara 15 zuwa 20 bayan bayyanar alamun.

Abin lura a nan shi ne bambancin gadonta da na sikila. Sikila sai an gaji ƙwayarta daga uwa da uba duka biyu. Ita kuwa wannan, ƙwayar gado ɗaya daga ɓangare ɗaya ta isa. Saboda haka kowane ɗa ko 'ya na mai cutar yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gado, kuma kowace haihuwa lissafinta daban. Ƙwayar tana kan kuromosom na 4, inda wani jeri da masana suke kira CAG yake maimaita kansa. Wanda maimaicinsa bai wuce 26 ba ya tsira. Daga 36 zuwa 39 ana iya kamuwa, ana iya tsallakewa. Wanda ya kai 40 ko fiye, cutar za ta bayyana gare shi in dai rai ya yi tsawo. Tun da alamun sukan jinkirta, sau da yawa mutum ya riga ya yi aure ya hayayyafa kafin a san yana ɗauke da ita.

Labarin Nancy Wexler

A 1968 likitoci a Amurka suka tabbatar da cutar a jikin Leonore Wexler, wadda mahaifinta da 'yan'uwanta maza uku duk ita ce ta yi ajalinsu. Tsohon mijinta, Milton Wexler, ya kira 'ya'yansu mata biyu, Alice da Nancy, ya shaida musu halin da ake ciki, sannan ya kafa gidauniyar binciken cututtukan gado. Leonore ta rasu a 1978. Nancy ta mayar da fargabarta aiki. Daga 1979 ta riƙa zuwa ƙauyukan masunta na gaɓar tafkin Marakaibo a ƙasar Benezuwela, inda cutar ta yi katutu cikin wata babbar zuriya. Ita da abokan aikinta suka tattara salsalar mutum fiye da 18,000, suka ɗebi jinin dubbai. Da wannan jini aka gano alamar inda ƙwayar take a 1983, aka kuma gano ita kanta ƙwayar a 1993. Daga nan gwajin ya zama na ɗan jini kaɗan kawai.

Abin mamaki, matar da wahalarta ta samar da gwajin ba ta yi gaggawar miƙa hannunta a ɗebi nata jinin ba. Ta shafe shekaru masu yawa tana kare 'yancin mutum na ƙin sani. Sai a 2020 ta bayyana wa duniya cewa tana fama da cutar. Ba ita kaɗai ba ce. Kafin gwajin ya samu, mafi yawan waɗanda aka tambaya sun ce za su yi shi. Da ya samu, a ƙasashe da dama waɗanda suka yi ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Me Ya Sa Shawarar Take da Wuya?

Na farko, gwajin yana faɗin ko cutar za ta zo, ba ya faɗin shekarar da za ta zo. Na biyu, ba a da maganin warkewa. Akwai magungunan rage fizgar gaɓoɓi da na damuwa, kuma a 2025 an sanar da sakamakon wani gwaji a kan mutane kaɗan da ya nuna ana iya rage saurin cutar, amma rage sauri daban, warkewa daban. Don haka mai ƙin gwaji yakan ce gara ya rayu da rabin fata da ya rayu da tabbacin abin da ba shi da ikon turewa.

Mai son gwaji kuwa yakan ce zaman zullumi shi ma ciwo ne. Irin wannan mutum, in kofi ya suɓuce daga hannunsa, ko ya manta sunan wani, sai gabansa ya faɗi, ya ce shi ke nan, ta fara. Yana son ya san yadda zai tsara aure da haihuwa da sana'a da tanadi. Rabin masu irin wannan matsayi ba su gaji komai ba, kuma wanda bai gada ba ba zai gadar wa 'ya'yansa ba. Sai dai ko labari mai daɗi yana da nasa ɗacin: akwai waɗanda sukan ji kamar sun yi laifi, ganin sun kuɓuta alhali ɗan'uwansu bai kuɓuta ba.

Akwai kuma matsalar da ba a cika hangowa ba, wato sakamakon ba na mutum ɗaya ba ne. A ɗauka kaka ta rasu da cutar, ɗanta ya ƙi gwaji, jikarta kuma ta je ta yi. In aka sami ƙwayar a jinin jikar, to an tona wa uban abin da ya zaɓi kada ya sani. Haƙƙin wa za a fifita? Ga kuma tsoron wariya. Dokar da Amurka ta kafa a 2008 ta hana a yi amfani da sakamakon wajen ɗaukar aiki da inshorar lafiya, amma ba ta shafi inshorar rai ba.

Saboda waɗannan dalilai ne asibitocin da suke yin gwajin ba sa yin sa cikin gaggawa. Akan zauna da mutum fiye da sau ɗaya, a duba ko yana fama da matsananciyar damuwa, a ba shi damar janyewa ko da sakamako ya riga ya fito, kuma akan so ya zo da wanda ya amince da shi ranar karɓa. Ba a yi wa yaron da bai kai shekara 18 ba, matuƙar ba shi da alamu, ko da iyayensa sun nema, domin a bar masa zaɓinsa har ya mallaki hankalinsa. A ganin mai wannan rubutu, wannan ita ce ƙa'idar da ta fi muhimmanci ga malami. Ɗalibin da yake jinyar mahaifi mai cutar gado, kowace iri ce, yakan zo aji da tsoron da bai iya furtawa. Aikin malami ya saurare shi, ya rufa masa asiri, ya haɗa shi da likita. Cewa "je ka a gwada ka" ko "kada ka kuskura" ba hurumin malami ba ne.

Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin gadon sikila da gadon cutar Huntington.
2. Rubuta muhawara mai shafi ɗaya tsakanin uba da 'yarsa a kan misalin jikar da aka kawo, kana mai ba kowanne hujjarsa.