Me Ya Sa Mafarki Ya Fi Yawa Gab da Asuba?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ne ke tambaya: me ya sa ya fi yin mafarki gab da asuba?

To malam, barci hawa-hawa ne. Farkonsa sama-sama, ko ƙarar ƙofa ta tashe ka. Daga nan ka nutse cikin barci mai nauyi, inda na'urar auna ƙwaƙwalwa ke nuna manyan igiyoyi masu tafiyar hawainiya. Wanda aka tasa a nan sai ya yi zuru, bai ma san inda yake ba.

Sai matakin da aka fi mafarki. A 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano idanun mai barci na kai-kawo da sauri a rufe. A lokacin ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta farkakke, gaɓoɓi kuwa sun saki. Ka farka kafin ƙarfinsu ya dawo, shi ne dannau. Akwai firgitarwa, amma ba ya daɗewa.

Matakan nan maimaituwa suke yi, kowane zagaye kan ci kusan minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, matakin mafarki kuwa tsawo yake ƙarawa, har kiran sallar asuba ya riske ka a cikinsa.