Sahihancin Sanarwar Ɗaukar Ma'aikata a Intanet: Duba daga Achilafiya da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, sanarwa ba ta rabuwa da mai ita. Idan mai shela ya ɗaga murya a kasuwa, yakan fara da ambaton wanda ya aiko shi, hakimi ne ko dagaci, kuma da wannan ambaton jama'a ke auna nauyin maganar. Wannan maƙala ta dubi abin da ke faruwa ga sanarwar ɗaukar ma'aikata idan ta biyo ta intanet har ta iso Achilafiya, a ƙaramar hukumar 'Yankwashi, da maƙwabtanta na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Yanki ne mai yawan matasa masu takardun shaida, musamman ɗaliban da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure take yayewa duk shekara.

2.0 Matakan Manhajar Bincike

A shekarar 2017 kamfanin Google ya fara ware sanarwar ayyuka a cikin sakamakon bincike. Sharaɗinsa shi ne kowace sanarwa ta zo da sunan aikin da bayaninsa da sunan mai ɗauka da ranar da aka wallafa ta, sannan a janye ta idan wa'adinta ya cika. Daga 1 ga Oktoba, 2021 ya ƙara tsaurara ƙa'ida a kan shafukan da suka cika da tallace-tallace masu rufe rubutu. Matakai ne masu amfani, sai dai a kan shafin asali kawai suke aiki, wanda galibi da Ingilishi aka rubuta shi.

3.0 Inda Sanarwa ke Rasa Asalinta

Matashin Achilafiya bai cika haɗuwa da shafin asali ba. Abin da ke iso masa shi ne taƙaitawar da wani ya yi da Hausa a Facebook, wani kuma ya tura ta zauren WhatsApp. A wannan tafiya abu biyu ke zubewa: mai magana da lokaci. Sigar da aka fi gani ita ce "an buɗe shafi" ko "za a ɗauki ma'aikata". Wakilin sunan nan na "an" da "a", wanda Hausa ta tanada domin sakaya mai aiki, a nan ya zama mafakar ɗan damfara, domin jimlar ta cika a nahawu ba tare da an ɗora wa kowa alhakinta ba. Haka kalmar "yanzu-yanzu" take maye gurbin kwanan wata, sai sanarwar N-Power, shirin da aka fara a 2016, ta riƙa dawowa bayan an daɗe da rufe ta, tamkar sabuwa.

Batun kuɗi ya fi rikitarwa. Jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice ta ranar 15 ga Maris, 2014, wadda mutane fiye da goma suka rasu a turmutsitsinta, ta gaskiya ce, amma an karɓi naira 1,000 daga kowane mai nema. Wanda ya ga hukuma da kanta ta karɓi kuɗi, da wuya a zarge shi da wauta idan ya biya na bogi, ko da yake hukumomin tsaro suna nanata cewa neman aikinsu kyauta ne.

4.0 Gyara

Gyaran yana hannun masu mayar da sanarwa zuwa Hausa, wato gidajen rediyo da masu shafuka da jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi. Ya kamata jimlar farko ta ambaci hukumar da sunanta a gurbin "an", ta biyo da ranar buɗewa da ta rufewa, sannan adireshin shafin a rubuce cikakke, ba a gajarce ba, domin mai karatu ya ga ko ya ƙare da .gov.ng idan aikin gwamnati ne. Shirye-shiryen jiha irin su J-Teach sun fi sauƙin tantancewa, tunda mai nema daga Achilafiya yana iya zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa ya tambaya baki da baki kafin ya miƙa lambar BVN ɗinsa ga kowa.