Darasin Turanci: Mece Ce "Horseplay"?

A cikin littattafan Turanci na dā, da kuma dokokin wasu makarantun kwana, mukan ci karo da kalmar "horseplay". Da yawa daga cikin ɗalibanmu suna zato wasan sukuwa ake nufi, tun da "horse" doki ne, "play" kuma wasa. Ba haka ba ne. Bari mu duba ta da kyau.

Ma'anarta

"Horseplay" ita ce wasan ture-ture da kokawa da guje-guje cikin hayaniya da dariya, ba da nufin cutar da kowa ba. Turawan Ingila suna amfani da ita tun wajen ƙarshen ƙarni na 16. Sukan haɗa "horse" da wata kalma don nuna abu mai girma ko marar ladabi, kamar "horse laugh", wato ƙyalƙyalar dariya mai ƙarfi. Yau ana ɗaukarta tsohuwar kalma, amma har yanzu ana ganinta a allunan gargaɗi na masana'antu da wuraren iyo.

Yadda ake amfani da ita

1. Suna ce wadda ba a ƙirgawa. Ba a cewa "a horseplay" ko "horseplays". Sai mu ce: "There was horseplay in the dormitory."
2. Ba aikatau ba ce. In muna son aikatau, sai mu ce "horse around": "The boys were horsing around."
3. Ba ta nufin faɗa. Faɗa na gaske "fight" ne. Kokawar gargajiya kuwa, mai fili da alƙali da doka, "wrestling" ce.

Masu shirin jarrabawar WAEC su riƙe waɗannan uku, gama irin wannan ƙaramin kuskure yakan rage maki a rubutun insha'i.

Ina iyakar wasan?

A nan ne darasin ya wuce na nahawu. Abu ba ya zama "horseplay" sai duka biyun suna dariya, ƙarfinsu ya yi kusa, kuma wanda ya ce "ya isa" an ƙyale shi nan take. Idan babban ɗalibi ya murɗe hannun ɗan aji ɗaya har ya yi kuka, sa'an nan ya ce wasa yake yi, sunan wannan "bullying", wato cin zali. Kada mu rufe shi da kalma mai daɗi.

Ko wasan gaskiya ma yana da wurinsa. Hausawa sun ce wasa farin girki. Turi ɗaya kusa da gadon ƙarfe, ko bakin rijiya, ko a ɗakin gwajin kimiyya, ya isa ya karya haƙori ko ya ƙone fuska. Saboda haka mu kai ƙarfinmu filin wasa, inda akwai sarari da malami mai lura.